Nasiha ga Ɗana da ke Yuta: Haikalin Maƙwabta da Iyakar Alkawari

 Mahaifinka ya nuna mini saƙon da ka aiko, na kuma daɗe a wurin da ka yi magana a kan abokin zamanka na ɗaki, ɗan Mormon. Ka ce yaron kirki ne, ba giya ba taba, har yakan rage muryar rediyo idan ya ga ka shimfiɗa darduma. Amma da ka tambaye shi abin da suke yi a cikin haikalinsu, sai ya ba ka rabin amsa ya kame bakinsa, ya ce sauran ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Tun daga nan zuciyarka take raya maka cewa ƙungiyar asiri ce, har kana tunanin neman bidiyon da aka ɗauka a ɓoye ka gani da idonka. Ka dakata tukuna, ka saurari baffanka.

Na zauna da mutanen nan tun ba a haife ka ba, lokacin da nake akawu a wani kamfanin sufuri a Ankara ta ƙasar Gana, gidanmu yana Nima. Teburina da na wani mutumin Fanti suna fuskantar juna shekara da shekaru, shi kuwa ɗan Mormon ne na gaske. Bai bi addinina ba, ban bi nasa ba, amma na sha barin makullin akwatin kuɗi a hannunsa in tafi Juma'a hankalina kwance. Abin da zan gaya maka, wani daga bakinsa na ji, wani na gani da idona, wani kuma na karanta a abin da cocinsu da kansa ya buga. Kafin in yi nisa: tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a daina kiran su Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan, wato Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. A gabansu ka kira su da sunan da suke so. Ni a nan ina amfani da wanda aka saba ne don mu fahimci juna.

Ka fara da rarrabe gine-ginensu, don a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai majami'ar unguwa, inda suke taruwa ran Lahadi su yi wa'azi da waƙoƙi da rabon gurasa da ruwa. Wannan ƙofarta a buɗe take ga kowa, ko kai ka je ba mai hana ka kujera. Haikali daban ne. Ba a yin ibadar Lahadi a cikinsa, a rufe ma yake ran Lahadi, kuma ba kowane ɗan cocin ke shiga ba. Sai wanda ya zauna da bishop ɗin unguwarsa, ya kuma zauna da shugaban shiyya ko mataimakinsa, ya amsa tambayoyi, aka ba shi katin izini mai aiki na shekara biyu. Tambayoyin nan ba ɓoyayyu ba ne, Nelson ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a babban taronsu na Oktoban 2019, duniya tana kallo. Ana tambayar mutum imaninsa, da ko yana tsare kansa daga zina, da ko yana gaskiya a mu'amalarsa, da ko yana fitar da kashi ɗaya cikin goma na samunsa, da ko yana ƙauracewa giya da taba da kofi da shayi, har da ko yana biyan haƙƙin 'ya'yansa da na matar da suka rabu. Wanda ya shigo addinin sabo sai ya shekara kafin a ba shi izinin babbar ibadar ciki. Duk wannan abokinka zai iya zayyana maka shi ba tare da ya taɓa alkawarinsa ba.

Ayyukan da ake yi a ciki ma, a dunƙule, yana da izinin faɗa maka. Na farko baftisma a madadin matattu: mai rai ya shiga ruwa a nitsar da shi da sunan kakansa da ya mutu bai karɓi addinin ba, bisa imaninsu cewa mamacin yana da zaɓin karɓa ko ƙi a can inda yake. Hujjarsu wata aya ce a wasiƙar Bulus ta farko ga Korintiyawa, sura ta 15. Yaransu suna fara wannan tun daga shekarar da za su cika sha biyu. Wannan imani ne ya sa suka dage wajen tara tarihin zuri'a, har suka kafa FamilySearch, suka haƙa rumbun ajiyar takardu a cikin dutse kusa da birnin Salt Lake.

Na biyu shi ne abin da suke kira baiwa. Ana farawa da wanki da shafa mai na alama, maza a gefensu, mata a nasu kuma mata ne ke yi musu. Daga nan mutum ya sa fararen kaya ya zauna a ɗaki ana nuna masa labarin halittar duniya, da Adamu da Hauwa'u, da fitarsu daga aljanna, da hanyar komawa ga Ubangiji yadda suka yi imani da ita. Tun daga shekarun 1950 aka fara nuna wannan da fim. A cikin haka yake ɗaukar alkawura biyar: biyayya ga Allah, sadaukarwa, bin bisharar Almasihu, tsare kai daga zina, da miƙa lokacinsa da baiwarsa da dukiyarsa ga hidimar addini. Guda biyar ɗin nan a rubuce suke a littafin ƙa'idojin cocin da aka sake fitarwa a 2020, kowa na iya buɗewa a intanet. Mutum sau ɗaya yake yin wannan ibada don kansa, duk komawar da zai yi daga baya a madadin wani mamaci ne. Daga ranar kuma yake sa wata farar tufar ciki ƙarƙashin kayansa. Mutane sun daɗe suna yi musu ba'a a kanta, har a 2014 cocin ya fitar da bidiyo ya nuna ta, tare da kayan da ake sawa a lokacin ibadar. Na uku ɗaurin aure ne da suke cewa mutuwa ba ta warware shi, inda miji da mata suke durƙusawa a gaban bagade, a haɗa su da juna, a haɗa 'ya'ya da iyaye.

To, me ya rage da ba zai faɗa ba? Wasu alamu na hannu, da wasu sunaye, da wasu kalmomi ƙayyadaddu da ake ba mutum a ciki, ya yi wa Ubangijinsa alkawarin ba zai fitar da su ba. Ban da haka, ba sa maimaita lafazin ibadar kalma bayan kalma a waje, don girmamawa. Iyakarsa ke nan. Za ka ji suna cewa abin mai tsarki ne, ba asiri ba ne. Ka karɓi maganar ko kada ka karɓa, amma ka lura da ƙanƙantar abin da aka ɗaure bakinsa a kai idan ka gwada shi da yawan abin da aka sake masa.

Sai dai su kansu ba duka suka san wannan iyaka ba, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne. Kafin a gina haikali a Gana, wanda suke zuwa shi ne na Johannesburg, wanda aka buɗe a 1985, ko kuma na Landan. Abokina ya yi shekaru yana tara kuɗin jirgi, ya ɗauki mai ɗakinsa suka tafi Afirka ta Kudu. Da ya dawo, fuskarsa cike da natsuwa, amma ko launin bangon ɗakin ka tambaye shi sai ya girgiza kai. Ni ban damu ba, ba addinina ba ne. Amma haka ya yi wa 'ya'yansa ma. Tsoron kada ya ƙetare iyaka ya sa ya zama kamar mai gadin da aka ce ya tsare ɗaki ɗaya, sai ya kulle gidan gaba ɗaya ya zuba makullan a aljihu. Da 'yarsa ta fari za ta yi aure, ta shiga haikali ba ta san irin kayan da za ta sa ba, ba ta san za a nemi ta ɗauki alkawura a gaban mutane ba, balle ta san menene su. Yarinyar ta tashi a hannunmu, tuwonmu ta ci, don haka ga mai ɗakina ta zo ta zauna tana share hawaye. Ba ta tona komai ba, ba a kuma tambaye ta ba. Cewa kawai ta yi ta ji kamar baƙuwa a gidan da aka yi shekara ashirin ana ce mata gidan Ubangijinta ne, kuma abin da ya fi mata ciwo shi ne mahaifinta ya sani bai shirya ta ba. Na same shi na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce shi fa alkawari ya yi. Na ce alkawari kaya ne, gaskiya, amma ka duba da kyau ko duk kayan nan aka ɗora maka, ko kuwa kai ka ƙara wa kanka.

Bayan shekaru sai ga manyansu sun faɗi irin wannan magana a bainar jama'a. A taronsu na Afrilun 2019, David Bednar, ɗaya daga majalisar manyansu goma sha biyu, ya tsaya a kan wannan batu. Ya ja layi biyu. Na ɗaya, a yi maganar haikali da ladabi, kada a bayyana alamun nan na musamman, kada kuma a faɗi abin da aka yi alkawari a fili ba za a faɗa ba. Na biyu, manufar ibadun da koyarwar da ke cikinsu da ma'anar alkawuran, duk ana iya tattauna su, ya kamata ma iyaye su koya wa 'ya'yansu a gida. Ya tunatar da su damuwar wani tsohon shugabansu, Ezra Taft Benson, cewa nauyin bakin iyaye yana sa yara su shiga ba shiri, ko ma su tashi ba sha'awar shiga. Da na karanta wannan, yarinyar nan ce ta faɗo mini a rai. Saboda haka idan abokinka ya rufe baki a kan abin da ya wuce alamun nan, wataƙila irin tsoron abokina ne ya gada, kuma ba laifi ka tuna masa da ladabi cewa manyansa sun sake masa.

Tarihinsu ya sha koya musu wannan darasi. A 1911 wani matashi da ya saɓa da cocin ya samu shiga babban haikalin Salt Lake a sace, da taimakon wani mai kula da lambu, ya ɗauki hotunan ɗakunan. Wani ɗan kasuwa mai suna Max Florence ya riƙe hotunan ya nemi dala dubu ɗari, in ba haka ba ya baza su a duniya. Shugabansu na lokacin, Joseph F. Smith, ya ƙi ciniki da shi. Maimakon haka sai cocin ya sa aka ɗauki nasa hotunan, ya ba wani malaminsu, James Talmage, aikin rubuta littafi a kan haikali, aka buga shi a 1912 da hotunan ɗakunan da bayanin ibadun a dunƙule. Kasuwar Florence ta mutu a nan. Abin da aka yi shekaru ana tsoron a gani, da mai shi ya nuna da hannunsa, sai ya zama kujeru da labule da zanen itatuwa a bango. Kafin wannan ma majalisar dattawan Amurka ta shafe daga 1904 zuwa 1907 tana binciken ko Reed Smoot, ɗan majalisa daga Yuta kuma babba a cocin, ya cancanci kujerarsa, kuma rantsuwar haikali tana cikin abin da aka yi ta tonawa. A ƙarshe ya riƙe kujerarsa.

A Gana na ga irin wannan da idona. Ran 14 ga Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan cocinsu tare da na Shaidun Jehobah, ta kori masu wa'azinsu 'yan ƙasar waje, aka garƙame majami'unsu. Gari ya cika da magana: 'yan leƙen asirin Amurka ne, suna raina baƙar fata, suna da wani abu da suke ɓoyewa. Abokina ya koma yin ibadar Lahadi a falonsa da iyalinsa, har aka ɗage dokar a ƙarshen Nuwamban 1990. Da aka zo gina haikalinsu a kan titin Independence, ba nisa da Nima, maganganu suka sake tashi. A bakin masu shayi ka ji an ce da jini aka kafa harsashin, ko an ce akwai gawarwaki a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma mutum-mutumin zinariya a ƙololuwa yana busa ƙaho, kowa da fassarar da yake ba shi. Al'adarsu ce kafin a keɓe sabon haikali a buɗe shi na wasu makonni kowa ya shiga. A ƙarshen 2003 abokina ya gayyace ni, na je. Aka sa mana leda a takalma don kada mu ɓata kafet. Na ga kwamin baftisma a kan bayan shanu goma sha biyu na sassaƙa, koyi da tafkin haikalin Annabi Sulaimanu yadda Littafi Mai Tsarki ya siffanta shi. Na ga ɗakin ɗaurin aure da madubai biyu suna fuskantar juna. Na ga ɗakin da suke misalta aljanna da shi, ba komai a ciki sai kujeru masu taushi da fitila mai ƙyalli, aka roƙe mu mu yi shiru. Mai yi mana jagora ya amsa duk abin da aka tambaye shi, ban da abu guda, wanda ya ce shi ma alkawari ya hana shi. A Janairun 2004 Gordon Hinckley ya zo ya keɓe ginin, aka rufe ƙofa ga irinmu. A 2005 aka buɗe na Aba a Najeriya, a 2024 kuma suka sanar za su gina a Abuja, don haka tambayar da kake yi yau a Yuta, gobe 'yan uwanka za su yi ta a gida.

Kada ka ɗauka ina wanke su ne. Akwai tambayoyi masu nauyi, kuma babu alkawarin da ya hana abokinka amsa su. Har zuwa Yunin 1978, lokacin Spencer Kimball, ba a ba baƙar fata 'yan asalin Afirka matsayin firist, ba a kuma barin su, maza da mata, su yi ibadar baiwa ko auren haikali. Abokina ya san haka ya shiga, kuma na ga yadda maganar ke sosa masa rai duk lokacin da ta taso. Sai a 2013 cocin ya fito a rubuce ya yi watsi da dalilan da aka riƙa bayarwa a da, irin su cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Akwai kuma batun ƙungiyar Mason: Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830, ya shiga ƙungiyar a Maris na 1842, a Mayun shekarar kuma ya fara koyar da ibadar baiwa a benen shagonsa a garin Nauvoo. Kamannin da ke tsakanin wasu abubuwan ƙungiyar da na ibadar baiwa, cocin bai musa ba, bayaninsa ne ya bambanta da na masu suka. Ibadar kanta an sha gyara ta. A 1990 aka cire alamun hukuncin da zai hau kan wanda ya tona, jaridun Amurka suka buga labarin. Wasu da suka bar cocin suna cewa an sa su rantsuwa a kan abin da ba a gaya musu tun daga waje ba, a lokacin da tashi a fita ya yi nauyi, ga iyaye ga dangi a zaune. Wannan kuka yana da gaskiya a cikinsa, kuma ni a ganina duk abin da zai ɗaure mutum har ƙarshen ransa, haƙƙinsa ne a karanta masa shi tun yana bakin ƙofa. Buga alkawura biyar ɗin nan a fili gyara ne da ya kamata a ce an yi tun da daɗewa.

Batun matattu kuwa ya shafe ka kai tsaye. Yahudawa sun yi fushi ƙwarai da suka gano an shigar da sunayen 'yan uwansu da aka kashe a zamanin Hitler, har aka yi yarjejeniya a 1995 aka cire sunayen, cocin kuma ya umarci mabiyansa su tsaya a kan kakanninsu. Idan wani ya nemi ka ba shi sunayen kakanninka, ka tambaye shi me za a yi da su, in kuma ba ka yarda ba ka faɗa masa kai tsaye. Kakanninmu a kan kalmar shahada suka cika, ba ma neman a yi musu wani abu ban da addu'a da sadaka.

Mu Musulmi bai kamata rufe ƙofa kaɗai ya ba mu mamaki ba. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, akwai alluna a kan hanya suna nuna masa inda zai ratse, kuma ba mu taɓa ɗaukar haka a matsayin shaidar muna ɓoye mugun abu ba. Bambancin dai a fili yake, kuma kana iya gaya wa abokinka: a aikin Hajji babu kalma ɗaya da ba a rubuce take ba, yaro a makarantar Islamiyya yana haddace ta, kyamara kuma tana nuna ɗawafi dare da rana. Aƙidarmu da tasu ma sun rabu tun daga tushe. Mu Allah ɗaya muka sani, bai haifa ba ba a haife shi ba, Annabi Isa bawansa ne kuma manzonsa, annabci kuma an rufe shi da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Su kuwa suna kiran shugabansu annabi mai rai. Kada ka sassauta wannan don neman shiri, kada kuma ka faɗe shi da izgili. Na yi shekaru ina gaya wa abokina haka, yana gaya mini nasa, muna cin abinci a kwano ɗaya.

Yanzu ga bidiyon da kake son nema. Yana nan, ban ce maka babu ba. A 2012, lokacin da Mitt Romney, wanda ɗan cocin ne, yake takarar shugabancin Amurka, aka baza wanda aka ɗauka da ɓoyayyar kyamara. Amma ka yi tunanin yadda aka same shi. Wani ne ya shigar da kyamara ta hanyar yaudara, ya zauna cikin mutanen da suka sunkuyar da kai suna ibada, sun amince da shi, yana ɗaukar su ba su sani ba. In ka kalla, ka ci daga abin da ha'inci ya kawo. Suratul Hujurati ta hana mu bin diddigin asirin mutane, ban kuma san wani malami da ya ce a yi wa maƙwabci haka don kawai addininsa daban ba. Da a ce akwai wanda ake cutarwa a ciki, ana dukansa ko ana ƙwace masa haƙƙi, da magana ta canza, don ba a rufa wa zalunci asiri. Amma kai ba ceton kowa za ka yi ba, ƙishirwar sani ce kawai. Sannan yaya za ka dubi yaron nan da safe, kana ɗauke da abin da ya roƙe ka ka bar masa? Ni da zan zaɓa maka abokin zama, wanda aka matsa wa ya ce ya yi alkawari ba zai faɗa ba, shi zan zaɓa, don ranar da ka ba shi taka amanar haka zai riƙe ta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, na kuskuren abokina, namu ne fiye da yadda muke so mu yarda. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, kuma ina alfahari da haka, amma na ga gidaje da yawa da shiru ya rusa. Na ga dattijon da ya rasu bai gaya wa 'ya'yansa bashin da ke kansa ba, sai a zaman makoki masu bi suka bayyana. Na ga wanda ya san iyakar gonarsa da ta ɗan'uwansa ya tafi da sanin kabari, jikoki suka ƙare a gaban alƙali. Na ga yarinyar da aka kai ɗakin miji ba wadda ta zaunar da ita ta gaya mata abin da ke gabanta, da saurayin da aka ɗaura wa aure alhali manya sun san jininsa da na amarya ba su dace ba, suka yi gum har aka haifi mai ciwon sikila. Cikin waɗannan duka babu wanda aka rantsar. Nauyin baki ne kawai aka sa masa rigar amana. Idan wani ya ce zai gaya maka magana amma ka riƙe, ka tambaye shi tun kafin ya fara: wanne ne ba a faɗa, kuma ga wa, har zuwa yaushe? In ya ce daga mahaifanka ma za ka ɓoye abin da ya shafi rayuwarka, ko ya ce sai ka rantse kafin ka ji, ka ce ya riƙe abinsa. Wanda ka karɓa kuwa ka tsare shi ko da mai shi ya ɓata maka daga baya. Abin da ba a ɗaure ka a kai ba, kuma na ƙasa da kai yana bukatarsa don ya shirya, ka faɗa masa da wuri.

Idan za ka koma wa abokinka da magana, ka canza tambaya. Kada ka ce me ake faɗa a ciki. Ka ce masa wane alkawari ya ɗauka, me ya canza a zamansa da mutane tun da ya ɗauka, wane kakansa ya yi wa baftisma kuma me ya sani game da shi. Za ka ga bakinsa ya buɗe, wataƙila har ka gaji da ji. In ka ga farar tufar nan a cikin wankinsa, ka kau da kai yadda za ka so a kau da kai daga naka. In ya gayyace ka aurensa, ka sani ba za ka shiga wurin ɗaurin ba, ko iyayensa ma in ba su da kati a waje za su jira. Wannan ya daɗe yana ɓata ran dangi, shi ya sa a Mayun 2019 aka soke dokar da ke sa wanda ya fara yin auren gwamnati a Amurka ya jira shekara guda kafin na haikali. Kai dai ka sa babbar rigarka ka tsaya a harabar tare da sauran masu jira, ka yi masa murna idan sun fito, ka je walima, ka tambayi abin da ke cikin abincin kafin ka ci.

Babban haikalin Salt Lake, wanda aka fara a 1853 aka gama a 1893, yana rufe tun ƙarshen 2019 ana ƙarfafa harsashinsa saboda girgizar ƙasa, kuma sun sanar za su buɗe shi ga kowa daga Afrilu zuwa Oktoban 2027 kafin su sake keɓe shi. In Allah ya kai mu kana can, ka ce abokinka ya raka ka, ka nemi gurbi da wuri don mutane za su yi yawa. Ka yi sallarka kafin ka fita, ka shiga a matsayin baƙo mai kallo, kada ka ɗaga waya inda aka ce ba a ɗaukar hoto. Ka gaishe mini da shi, ka ce baffanka na gode masa da rage rediyon da yake yi. Mahaifiyarka kuma tana cewa kana jinkirin kira, ka gyara.